Turken da Ya Ƙi Zama a Tafkin Ogi

Shekarar da aka sa tafkunan Unyanga na tsakiyar hamada cikin kayan gadon duniya, mutanen Ogi suka wayi gari suka ji ɗan tafkinsu ya samu magada a ƙasashen da ko gaisuwar mutuwa ba su taɓa aikowa ba. Ba wanda ya yi gardama. Wakilin magadan ya zo a mota, ya yi jawabi, ya bar abu uku: turken ƙarfe mai jan fenti, igiya mai tsawon mita ɗari, da doka guda. Dokar ta ce daga bakin ruwa zuwa inda igiyar ta ƙare, kada kowa ya ƙara dasa komai. Abin da aka tarar a dashe an tarar.

Mazan gari da hannunsu suka kafa turken. Suka bi hanyar da mata ke bi cikin kacala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, har inda ruwa ya bayyana fili, suka ce nan ne baki, suka buga shi da guduma har ya zauna daram. Mata aka ce su koma gefe su yi guɗa. Suka koma, suka yi.

Igiyar kuwa Malam Barkai aka damƙa wa, tare da littafin rahoto da hula mai baki wadda ba ta zama a kan rawani. Shekara talatin ya yi yana koyarwa a firamare kafin ya yi ritaya, kuma ya fito da cutar aikin: ba ya ganin abu ya bar shi bai tambaya ba. Shi ne ya tsare wasu baƙi masu bincike wuni guda, har suka gaya masa ruwan tafkin ruwan sama ne da ya sauka shekaru dubbai da suka wuce, yana kwance cikin dutse a ƙarƙashin hamada, yana tsattsafowa a hankali. Ya kawo labarin majalisa da ɗumi-ɗuminsa. Aka ce masa, to ai daman ba wanda ya ce jiya ya sauka, tunda rabonsu da ruwan sama an yaye yara uku a gidan liman.

Igiyar ta yi shekara huɗu a rataye ba wanda ya neme ta, sai da raƙuman Alhaji Wardugu suka ci shingen Wozina.

Wozina yayar Barkai ce, ciki ɗaya. Uwarsu ta bar musu dabino guda mai baƙaƙen 'ya'ya masu laushi, irin da babu shi a duk Ogi. Tudun rairayi ya biyo shi shekara da shekaru, ya kama shi a gwiwa, ya kama shi a ƙugu. Kafin ya kai wuya Wozina ta yanke 'ya'yan da suka tsiro a jikinsa guda bakwai, ta dasa su kusa da tafki, ta kewaye su da shingen rassa. Uwar ta nutse, ko ganyenta ba a gani yanzu. Bakwai ɗin sun kama, shekararsu biyu. Kowa kuma ya san dashen dabino ba ya yarda a tayar da shi sau biyu.

Wardugu shi ne shugaban kwamitin tafki, mai raƙuma, ɗan kawunsu, don haka taubashin Barkai. Ranar da raƙumansa suka afka wa shingen, Wozina ta zare wuƙar da ke damtsenta ta kore su, ta haɗa da mai su. Mutane suka ga shugaban kwamiti yana gudu, rawaninsa na binsa a baya yana warwarewa. Bayan mako guda Alhaji ya tuna akwai doka.

Ran Asabar da la'asar Barkai ya sauko da igiya. Iska na kaɗawa kamar kullum, tana ture kacala. Ya ɗaura bakin igiyar a turke, ya biyo hanyar mata yana ja, yana tsaki saboda rassan dabinon da suka jibge a wani wuri suna harɗe masa ƙafa. Igiya ta ƙare, dashen Wozina na can gaba da kamu huɗu. A waje suke. Ya je ya gaya wa Wardugu.

"Kamu huɗu?" in ji Wardugu. "Da hannun wa? Hannun ƙanin mai gona ai gajere ne, Malam."

"Hannuna ya fi ƙafarka aminci, Alhaji. Ita an ga abin da ta yi ranar."

"Za mu koma tare. Ni zan riƙe."

Suka koma ran Litinin da sassafe, gari shiru, ko ganye ba ya motsi. Wardugu ya tsaya a turke, Barkai ya ja, mutum biyar na kallo. Igiya ta zo kan layin dashen, ta wuce, ta je ta tsaya kamu uku a bayansa. Duka bakwai a ciki.

Wardugu bai yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ya dafa kafaɗar Barkai ya ce, "Ba komai, jini ne. Ko ni zan yi wa yayata." Kwamiti ya yanke: ran Alhamis bayan sallar asuba a sake awo a gaban kowa, a taho da diga. Abin da igiya ta rufe a tumɓuke.

Barkai ya san ya kamata ya ji kunya, an mai da shi maƙaryaci a gaban tsofaffin ɗalibansa. Ya san ya kamata ya ji tsoro saboda dashen uwarsa, kuma ya ji. Amma abin da ya hana shi cin tuwo a ranar wani ne daban. Kamu huɗu a waje, kamu uku a ciki. Kamu bakwai ke nan suka ɓace tsakanin Asabar da Litinin, kuma kamu bakwai ba allura ba ce.

Ya fara zargin igiya. Ya kai ta makaranta ya shimfiɗa a jikin katanga wadda ya san tsawonta tun ana gininta. Ya jiƙa ta ya auna, ya shanya ta ya auna. Igiya ba ta da laifi. Ya koma kan turke, ya girgiza shi da hannu biyu. Bai motsa ba. Saiwar kacala ta naɗe gindinsa ta yi masa ɗamara, ba alamar an taɓa cire shi. Saura dabino. Ya je ya tsuguna a gabansu yana dubawa, Wozina na ƙulla shinge.

"Me kake nema, ƙafafu?" ta ce. "Ɗaga su ka gani, ƙila sun saka takalmi."

"Yaya, da gaske nake. Wani abu ya motsa."

"Hankalinka ne. Tun kana goyo yake motsi. Ka je ka gaya wa ɗan kawunka, duk wanda ya ɗaga diga a nan ya fara yin wasiyya."

A gari bayani ya wadata. Wasu suka ce Wozina ce ke matsar da turken, wasu suka ce Wardugu. Wani ya ce masu tafkin ne, waɗanda ba a ambaton sunansu, ba sa son jan fenti. Barkai ya saurari kowa, ya lura ba wanda ya sauka ya duba.

Ran Talata ya yi abin da yake sa yara su yi da inuwar sanda. Ya hau tudun rairayin da ke gefen tafki, ya zauna inda turken ya daidaita da wani tsagin dutse a can ƙetare. Ya kafa sandarsa a gabansa don kada idonsa ya yaudare shi, ya ja mayafi ya rufe kai, ya jira.

Hantsi ya yi, turke na kan tsagi. Rana ta take, turke na kan tsagi. Ya ci dabino biyar, ya fara tunanin ko da gaske hankalinsa ne. Bayan azahar iska ta taso daga wajen duwatsu. Kacala ta rusuna. Barkai ya lumshe ido ɗaya ya duba, ya ga ɗan haske tsakanin turke da tsagi. Ya goge ido. Hasken ya faɗaɗa. Jan turken gwamnati yana tafiya, a hankali, cikin natsuwa, kamar babban mutum zai shiga masallaci. Kuma ba shi kaɗai ba. Kacalar da ke kewaye da shi na tafiya, damin da aka yanka aka tara na tafiya, wata tsohuwa da ke sunkuye da lauje ita ma tana tafiya ba tare da ta ɗaga ƙafa ba.

Ya gangaro da gudu, rairayi na cika masa takalmi.

Tsohuwar Inna Armata ce, wadda rabin ɗakunan Ogi da tabarminta aka rufa su. Ta ɗago ta ga mai gadi yana haki.

"Lafiya, Malam? Ko yayarka ce ta biyo ka kai ma?"

"Inna, ƙasar nan tafiya take!"

"Wace ƙasa?"

"Wadda muke kai!"

Armata ta dube shi, ta dubi ƙafarsa, ta ajiye lauje. Ta taka zuwa kusa da turke, ta janye wani dami na busasshiyar kacala. A ƙarƙashi akwai rami mai faɗin bakin tulu, ruwa baƙi wuluk a ciki, wasu ƙananan kifaye suka watse.

"Nan muke ɗiban na sha in muna yanka," ta ce. "Zura sandarka."

Ya zura. Sanda ta shige, hannunsa ya bi ta har kafaɗa, bai taɓa komai ba sai sanyi.

"Ba ƙasa ba ce, ɗana. Tabarma ce. Saiwa ce ta saƙa kanta a kan ruwa tun kakannin kakanni. Iska ta ja ta, saiwar bakin gaɓa ta maido ta. Kamar marigayi mijina: kasuwa ta ja shi, yunwa ta maido shi."

Barkai ya zauna, sannan ya tuna a kan me ya zauna, ya miƙe.

"Shekara talatin," in ji Armata, "kana aiko mana yara gida suna cewa wai duniya ƙwallo ce tana juyawa. Muka ce to, Malam ya sani. Ashe bayan ɗakinka ma ba ka san yana yawo ba."

"Rassan nan da kuke jibgewa a hanya fa?"

"Gada ce. Nan tabarmar ke tsagewa in ta ja. Kun zaci ƙazanta ce irin tamu?"

"To ranar da muke buga turke, me ya hana ku faɗa?"

"Kun tambaya? Cewa aka yi mu yi guɗa. Ni ce ma na fi kowa ɗaga murya, don kada dariya ta fito."

Ba abin mamaki ba ne, in mutum ya yi tunani. Mazan Ogi sun san hamada kamar aljihunsu. Wardugu zai dubi sawun raƙumi ya gaya maka na wane ne, jiya ya wuce ko shekaranjiya, da kaya ko ba kaya. Zai kai ka rijiyar da ke tafiyar kwana tara ba tare da ya kauce ba. Amma yankan kacala aikin mata ne, namiji ba ya shiga sai da dalili, kuma a tarihin garin dalili sau ɗaya ya taɓa samuwa, shi ne ranar guduma.

Murnar Barkai ta gano kamu bakwai ɗinsa ba ta kai shi gida ba. A kan gadar rassa ya tsaya cak. In turke a kan ruwa yake, to bakin ruwa na gaskiya nan ne, a ƙarƙashin ƙafarsa, taku hamsin kusa da gonaki. Ya ɗaga kai ya auna da ido. Daga nan igiya za ta rufe dashen Wozina, ta wuce, ta rufe na liman guda shida, ta je ta kwanta a kan sabon dashen Alhaji Wardugu guda arba'in, wanda ya jera su bayan an kafa turke, yana alfaharin ya bar wa doka taku goma kyauta.

Hanya biyu ce a gabansa, ya kwana biyu yana juya su. Ya yi shiru, a yi awo da asuba gari ba iska, a tumɓuke bakwai. Ko ya faɗa, wataƙila a tumɓuke hamsin da uku, bakwai ɗin a ciki. Lissafi ya ce ya yi shiru. Sai dai lissafin bai san malamin makaranta ba. Mutumin da ya gano abu irin wannan, ko za a yanka shi sai ya tara aji.

Ran Alhamis gari ya waye shiru kamar an toshe shi. Maza suka fito da diga biyu. Mata suka tsaya a gefe ba wanda ya ce su tsaya, Wozina a gaban shingenta, hannun rigarta a naɗe. Barkai ya zo da igiya a kafaɗa da wani dogon reshen dabino da ya fere, ya fi mutum biyu tsawo.

"Wannan fa?" in ji Wardugu. "Bulala ce? Mun girma, Malam."

"Ka girma, amma ba ka gama aji ba. Muje."

Suka shiga kacala a jere, liman da dattawa huɗu a baya. Wardugu ya tsaya a jikin turke, ya dafa shi kamar wuyan raƙuminsa. Barkai ya janye damin, ya zura reshen a ramin, dab da takalmin Alhaji. Reshe ya shige. Ya ci gaba da shigewa. Dattawa suka matso. Da ya rage kamu ɗaya Barkai ya sake shi, ruwa ya haɗiye, can ya dawo da shi sama a hankali.

"Ina ƙasan?" in ji liman.

"Ban same shi ba tukuna, Allah gafarta Malam."

Sai ya yi tsalle ɗaya, da dukkan nauyinsa. Abin da suke tsaye a kai ya amsa, ya lotsa, ya ɗago. Wardugu, wanda ya ratsa hamada zuwa garin Kufra sau goma sha ɗaya amma bai taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawu ba, ya rungume turken da hannu biyu.

"Saki, Alhaji," in ji Barkai. "Shi ma baƙo ne kamarka."

Ba a tsaya jin sauran darasin a nan ba. Sai da kowa ya ji rairayi a ƙarƙashin ƙafarsa, can bayan gada, sannan Barkai ya bayyana komai: tabarma, iska, kamu bakwai. Ya ƙarasa da nuna musu bakin ruwa na gaskiya, ya tambaya cikin ladabi daga ina kwamiti ke so ya ɗaura igiya. Ya ga idon Wardugu ya tashi daga gada, ya bi ta kan dashen Wozina, ya sauka a kan nasa.

"Turken hukuma ne," in ji Wardugu da sauri. "Wa ya isa ya canza masa wuri? Daga turke za a auna."

"Madalla," Wozina ta ɗaga murya daga shinge. "Ku auna yanzu, ku tumɓuke. Gobe akwai motar zuwa Fada, garin hukuma. Ni da Inna Armata za mu je mu gaya wa masu turken inda kuka buga musu shi."

"Ni daman ban taɓa ganin Fada ba," in ji Armata.

Wani dattijo ya ajiye digar da ke hannunsa a hankali, kamar tsintarta ya yi.

Liman ne ya gyara murya. Ya ce shi dai a ganinsa turken nan baƙo ne, kuma ya lura yana magana biyu, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Baƙo kuwa ba a kama shi da maganar da ya yi kafin ya sha shayi. Kwamiti ya ce ranar Alhamis, kuma Alhamis ba ta ƙarewa sai rana ta faɗi.

"Da sharaɗi," in ji Barkai. Shi kansa ya ji muryarsa ta koma ta aji. "Ruwan nan ba a ƙara shi daga sama. Abin da aka dasa an dasa. Daga yau duk mai sabon dashe, daga gada zan auna masa."

Wardugu yana da wasu goma a jiƙe a gida suna jiran rami. Ya buɗe baki, ya dubi damtsen Wozina, ya ce ai daman abin da yake shirin kawowa gaban kwamiti ke nan.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwa, Wardugu ya tattaka wurin da ƙafa kafin ya zauna. Aka hura gawayi. Aka ci dabino, aka yi hirar farashin kanwa, aka yi azahar. Aka sha kofin farko mai ɗaci, ganye bai motsa ba. Aka sha na biyu. Barkai ya jiƙa yatsa ya ɗaga, ba komai. Iskar da take hana su cin abinci ba rairayi wata goma a shekara, yau ta ga damar hutawa. Aka sha na uku, wanda daga shi sai tashi. Mai shayi ya fara ɗauraye kofuna.

"Ƙara ganye," in ji Wardugu.

"Na huɗu, Alhaji? A ina aka taɓa yi?"

"A nan, yau. Sukarin ubanka ne?"

Tun da aka kafa Ogi ba a taɓa ganin mutum yana roƙon iska kamar yadda shugaban kwamiti ya roƙe ta a wannan yammacin ba, don dabinon matar da ta kore shi da wuƙa. Leɓensa na motsi, idonsa na kan duwatsu. Na huɗun bai gama tafasa ba sai toka ta tashi daga murhu ta faɗa masa a ido. Bai ko goge ba.

"Malam, tashi! Ɗauko igiya!"

"A'a, a ba ta lokaci. Tabarma ce, ba mota ba."

Sai da aka yi la'asar. Ba namijin da ya yarda ya je turke, don haka Armata ce ta ɗaura. Barkai ya ja, igiya ta miƙe, ta ƙare. Wardugu da kansa ya durƙusa ya auna da hannunsa, kowa ya ga yadda ya ɗan tanƙwashe yatsu. Kamu biyu da rabi. A waje.

Mata suka yi guɗa, wannan karon ba wanda ya sa su.

Da jama'a suka watse Barkai ya tsaya yana naɗe igiya a gwiwar hannu. Wozina ta tsuguna tana share rairayi daga gindin ƙaramin dashen. A wurin naɗin ya ga wani ƙulli a bakin igiyar, irin wanda mata ke yi wa damin kacala. Ya sha ganinsa, bai taɓa tambaya ba, abin da ba halinsa ba.

"Yaya, wannan ƙullin na wa?"

"Nawa ne."

"Yaushe?"

"Shekara biyu. Kana barcin rana na ɗauka. Ka zaci ni mahaukaciya ce, in dasa dabinon uwarmu ban auna ba?" Ta karkaɗe hannu. "Ranar iska har tana ɗage mayafi. Kamu shida na samu."

Barkai ya dube ta, ya dubi tafkin. Can jan turken na tsaye a tsakiyar kacala, yana gadin iyakarsa. Ya tambaye ta ko tana da dogayen rassa guda uku da igiyar kaba mai ƙarfi, don har yanzu bai taɓo ƙasan ramin nan ba.